A Duba Kaya Kaɗai, Ko A Duba Har Da Mai Kayan?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Sabon Birni da Isa. Ta kan tashi ƙwarai da bazara, sa'ad da kowa ke neman shanun huɗa da taki da iri. Waɗansu sun ce mai saye ba alƙali ba ne. Abin da ke kansa ya duba kaya, ya taya, in an sallama ya biya, halin mai kaya kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa. Waɗansu kuma sun ce a'a, kuɗin da mutum ya miƙa wa azzalumi ƙarfi ya ƙara masa, saboda haka wajibi ne kowa ya san hannun da zai sa kuɗinsa a ciki.

Kowane sashe yana da tasa gaskiya. Abin da ya hana a daidaita shi ne ana tara abubuwa dabam dabam a kira su da suna ɗaya, watau mugun hali. In an rarrabe su maganar ba ta da wuya.

Aibin mai sayarwa iri uku ne. Na fari, kayan da ya kawo kasuwa ba nasa ba ne. Na biyu, kayan nasa ne, amma ya yi musu algus, ko ya tauye mudu. Na uku, kaya lafiyayyu, mudu cikakke, amma ana zarginsa da wani abu dabam wanda bai shafi kayan ba. Ko wanne da irin hukuncinsa.

KAYAN DA BA NA MAI SAYARWA BA

Wannan shi ne ya fi damun ƙasar Gobir. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Ga fadamun gulbin Rima da Bunsuru da Gagare, inda ake shinkafa da albasa da sauran kayan lambu, ga tudu na gero da dawa da wake, ga jar akuya wadda fatarta ta yi suna har Turai. Gabas da kudu tana iyaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara, arewa kuwa da ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Dabbar da aka kora da dare tana iya kwana a wata jiha ko a wata ƙasa, inda ba wanda ya san ta.

To, ɓarawon shanu ba don madara yake sata ba, ba kuwa don ya yi huɗa ba. Garke a daji nauyi ne gare shi, sai ya zama kuɗi sa'an nan ya amfane shi. Da kuɗin zai sayi harsashi da man babur da abinci, ya sallami mai kai masa labari. Hanyar da sa ke zama kuɗi kuwa ɗaya ce, watau a sami mai saye. Tsakanin daji da kasuwa akwai mai karɓa a bakin daji, da mai mota, da dillalin da zai rufe ido, da mahauci ko manomin da zai biya. Na ƙarshen nan shi ne ke ɗauke da su duka, domin kuɗinsa ne ake rabawa har ya isa daji. Shi ya sa Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gwamnati ma ta lura da haka. A farkon watan Satumba na 2021 Gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a kan wata doka wadda ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni da Goronyo. Ta hana ɗaukar shanu a manyan motoci, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma rufe hanyar Isa zuwa Marnona. Jihar Zamfara da ta Katsina su ma sun yi irin wannan a daidai lokacin. Nufin dokar a toshe wa ɓarayi kasuwa. Amma fa wahalarta ta faɗa har a kan mai gaskiya. Talakan da ajiyarsa duka akuya biyu ce ya rasa inda zai sayar ya yi cefane ko ya kai mara lafiya asibiti. Watau da masu saye suka kasa tsare kasuwarsu da kansu, sai aka rufe ta ga kowa da kowa.

Wannan dabara ta toshe kasuwa ba a nan aka fara ta ba. Sa'ad da aka ga 'yan tawayen Saliyo da Angola suna sayen makamai da kuɗin lu'ulu'u, ƙasashen duniya suka ƙulla wata yarjejeniya da ake kira ta Kimbali, aka fara aiki da ita a 2003. Sharaɗinta kada a sayi ɗanyen lu'ulu'u daga wata ƙasa sai da takardar da ta nuna asalinsa. Ba ta kashe fasa-ƙwauri duka ba, amma ta sa hajar yaƙi ta yi wuyar shiga kasuwa.

HASARA HUƊU

A ajiye maganar zunubi tukuna, a yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Manomin da ya sayi bijimi a rabin kuɗinsa daga hannun wanda ba a san asalinsa ba, hasara huɗu ke jiransa.

Ta ɗaya, mai shi yana iya ganinsa. Makiyayi ya san dabbarsa kamar yadda uwa ta san ɗanta, ko ta shekara a wani hannu. A shari'ar Musulunci bisa mazhabar Maliku, in mai dabba ya kawo shaidu suka tabbatar tasa ce, sai a ba shi abinsa, mai saye ya koma ya nemi kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa. Ina zai gan shi? Wanda ya saya cikin rashin sani ba a bin sa amfanin da ya ci, amma wanda ya saya da saninsa malamai sun ɗauke shi daidai da mai ƙwacen.

Ta biyu, hukuma. Dokar final kot ta Arewa, wadda aka fara aiki da ita a 1960, ta yanka wa mai karɓar kayan sata ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Ba ta tsaya ga wanda ya sani kaɗai ba, har da wanda yake da dalilin da zai sa ya gane kayan na sata ne. Cewa "ban sani ba" ba ta fid da mutum in an sayar masa da sa da tsakar dare a bayan gari.

Ta uku, cuta. Shanun sata daga garkuna barkatai aka tara su, aka cakuɗa su a daji inda malamin dabbobi ba ya zuwa, babu allurar rigakafi. Nan ne ciwon huhu da boru ke samun wurin yaɗuwa. Ciwon huhu kuwa mugun abu ne, domin sa yana iya warkewa a ido alhali cutar tana ɓoye a huhunsa, ya riƙa harbin 'yan'uwansa ta numfashi. Mutum ya ga araha ya sayi ɗaya, ya rasa ukun da ya tarar a gida.

Ta huɗu ita ce babba. Kuɗin nan da aka biya shi ne zai komo ƙauye a bakin bindiga. Mutanen wannan ƙasa ba sa bukatar a ba su labari. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane masu yawa rana ɗaya a Garki da ƙauyukan da ke kusa da ita. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban mutane suka bar gonakinsu suka ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi. Ribar da mutum ya ci a kan bijimi ɗaya ba ta biyan daminar da ta wuce bai shiga gonarsa ba.

Saboda haka a wannan iri na fari babu gardama. Ba a saye, kome araha, kome bukata.

YADDA ZA A KIYAYE

Kakanni ba su bar cinikin dabbobi kara zube ba. Dillali ba don la'ada kaɗai aka sa shi ba. Shi ne mai lamunin baƙon da ya kawo dabba, in magana ta tashi daga baya shi za a kama ya fito da mutuminsa. Wanda ya kauce wa dillali don ya tsira da la'ada ya yar da garkuwarsa ke nan. Ga abubuwan da ya kamata mai saye ya tsare:

1. Ya yi ciniki a cikin kara, da rana, a gaban shugabannin kara, ta hannun dillalin da aka san gidansa.

2. Ya tambayi garin mai dabba da sunan mai garinsu, da wanda ya san shi a kasuwar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

3. Ya dubi shaidar da ke jikin dabba, ta wuta ko ta kunne. In an sake ƙona sabuwa a kan tsohuwa, ko an datse kunne kwanan nan, ruwa ba ya tsami banza.

4. Ya lura da mai sayarwa. Wanda bai san shekarun sansa ba, bai san ko an horar da shi ga garma ba, ya sallama tun a tayin fari yana waige-waige, akwai magana.

5. Ya karɓi rasit mai sunan mai sayarwa da na dillali da kamannin dabba da kwanan wata, ya adana. Malaman kasuwa su ma su tsare littafinsu, kada su rubuta abin da idonsu bai gani ba.

6. In ya kai dabba gida ya ɗaure ta dabam kamar wata guda, da wurin shan ruwanta dabam, ya kira malamin dabbobi ya duba ta.

Mahauta su ma wannan magana ta shafe su. Naman da aka yanka a wani lungu ba a mayanka ba, Sarkin Fawa bai gan shi ba, ga shi da araha fiye da na kowa, mai hankali ya wuce shi.

Amma akwai wani abu da ya kamata a gane. Ba kowace araha ce ta sata ba. A wannan ƙasa mutum ya kan fito da shanun huɗarsa kasuwa ido cike da hawaye, don an sace ɗansa ana neman kuɗin fansa, ko an aza wa ƙauyensu haraji daga daji, ko kuwa yana so ya sayar kafin a kore su. Wannan dabbarsa ce, sayenta halal ne, taimako ma ne. A nan kuma halin mai saye ne ake awo. Wanda ya ga an matsu ya taya rabin kuɗi, ya haɗa baki da sauran masu saye kada kowa ya ƙara, shi ma ya ci rabonsa daga abin da 'yan bindiga suka shuka.

ALGUS DA TAUYE MUDU

Iri na biyu ya fi yawa a wajen taki da iri da maganin ƙwari. Akwai masu buɗe buhun taki su rage, su cika da yashi ko tsakuwa, su sake ɗinkewa. Akwai masu rina hatsin kasuwa da ja su ce ingantaccen iri ne. Akwai masu sirka maganin feshi da ruwa, ko su canja takardar wanda kwanansa ya ƙare. Akwai mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa.

Bambancin waɗannan kaya da sauran haja shi ne ba a gane aibinsu ran kasuwa. Wanda ya sayi takalmi mara ƙwari zai gane cikin mako guda, ya sake wani. Wanda ya zuba takin yashi ba zai gane ba sai gero ya ƙi yin baƙi, sa'an nan kuwa lokaci ya wuce, damina ba ta komowa baya. Tun da ido ba ya iya ganin abin da ke cikin ƙwayar taki, abin da manomi ke saye a gaskiya shi ne amanar mai kanti. In an taɓa kama mutum da algus a shinkafa, babu dalilin da zai sa a amince masa a taki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Akwai 'yan gwaje-gwajen da kowa zai iya yi. Buhun taki kilo 50 ne, a aza shi a sikeli kafin a biya, a dubi ɗinkin bakinsa ko na kamfani ne. Yuriya ta gaskiya in an zuba ta a ruwa ta kan narke sarai, ruwan ya yi sanyi. In an ga yashi ya kwanta a ƙasan kwano an yi mata haɗi. Takin kamfa shi ba ya narkewa duka ko da na kirki ne, saboda haka wannan gwaji na yuriya ne kaɗai. Iri kuwa a ƙirga ƙwaya 100 a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a yi hattara. Maganin feshi a dubi lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewarsa, kada a sayi wanda aka ɗura a kwalbar da ba tasa ba.

Doka tana bayan manomi a nan. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kula da ingancin taki, wadda ta wajabta wa masu sayar da shi neman izini, ta kuma haramta algus da rage nauyin buhu. Addini kuwa ya riga doka. Sura guda ta Alƙur'ani ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, kuma kowane almajiri ya san abin da ya sami mutanen Madyana, jama'ar Annabi Shu'aibu, a kan wannan laifi. Littafin Risala da ake karantawa a zaure ya hana algus da ɓoye aibin haja. Wanda ya gane an cuce shi kada ya yi shiru don kunya. Ya kai wa sarkin kasuwa da malamin gona, domin shirunsa ne zai sa a cuci maƙwabcinsa.

Manomi kuma ya tuna ran kaka shi ne mai sayarwa, wani ne zai auna halinsa. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, don an sami maganin ƙwari irin na fiya-fiya a jikinsa fiye da ƙima, aka yi ta ƙara wa'adin hanin shekara da shekaru. Waɗansu ne suka zuba maganin a rumbu da sito, amma kasuwar ta rufe ga kowa. Mai saye na nesa ba ya rarrabe waken Isa da na wani gari.

ZARGI BA SHAIDA BA NE

Iri na uku a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ga mai kanti, kayansa na kirki, mudunsa cikakke, amma an ce mai rowa ne, ko mai faɗa, ko ba jam'iyya ɗaya ake ba, ko ba ƙabila ɗaya ba. Ciniki da shi ya halatta. An tabbatar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi hatsi bashi wurin wani Bayahude a Madina, ya ba da sulkensa jingina. Ba a ɗora wa mai saye ya binciki zuciyar kowa ba, asalin abin da ke hannun mutum nasa ne sai in alama ta nuna akasin haka. Wanda ya fi son ya kai kuɗinsa wurin mutumin kirki ya kyauta, kuɗinsa ne. Abin da ba shi da iko shi ne ya ɓata sunan ɗayan da abin da bai gani ba.

A wannan ƙasa zargi ba ƙaramin abu ba ne, yana kashe mutum. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa suka kashe Fulani 11 bisa zargi, ba tare da an kai kowa gaban alƙali ba. Nan da nan 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Unguwar Lalle ta ƙasar Sabon Birni, kafin wata ya ƙare suka faɗa wa ta Goronyo, inda aka kashe mutum fiye da 40. Waɗanda suka mutu a kasuwannin nan uku masu saye da sayarwa ne.

Kada a manta makiyaya suna cikin waɗanda aka fara kore wa shanu. Bafillacen da ya kawo sansa kasuwa da dillalinsa da shaidunsa, haƙƙinsa ne a saya a biya shi daidai. In an ƙi hajar mutum don kamanninsa kawai, an tura shi ga masu saye na bayan gari, an ƙara wa kasuwar dare ƙarfi. Wanda yake da tabbacin wani yana kai wa 'yan bindiga mai ko abinci, ko yana karɓar shanunsu, ya daina ciniki da shi, ya sanar da hakimi ko jami'an tsaro a asirce. Hukunci kuwa na hukuma ne.

IN BABU WANI SAI SHI

Wani zai ce duk an ji, amma a ƙauyensu mai taki ɗaya ne, an san halinsa, hanyar birni kuwa ba ta biyuwa. Wannan gaskiya ce, kuma wanda larura ta kama ba a zarginsa in ya sayi taki ko hatsi wurin mai tsada ko mai ɓoye kaya. Sai dai ya auna, ya gwada, ya sayi gwargwadon bukata. Amma larura ba ta halatta shanun sata, domin akwai haya, akwai aro, akwai gayya.

Maganin mai kanti ɗaya shi ne jam'i. Manomi guda in ya yi fushi ya daina saye, mai kanti ko a jikinsa. Manoma 30 in sun haɗa kuɗi suka aiki mutum biyu amintattu su sayo taki daga babban dila a Sakkwato, da rasit, ranar da hanya ta yi kyau, za su sami sauƙin kuɗin mota, mai kanti kuwa zai gyara mudunsa tun ba a ce masa kome ba. Haka kuma in dillalan kara guda suka yi alkawari ba mai karɓar dabbar da ba ta da mai lamuni, ɓarawo zai nemi wata kasuwa. In ta gaba ma ta yi haka, sai garken ya zame masa kaya.

Saboda haka kafin manomi ya kwance bakin aljihu, ya tambayi kansa abu uku. Kayan nan na mai sayarwa ne? Abin da aka ce yana ciki, shi ne a ciki? Abin da ake faɗi a kan mutumin nan, gani ne ko ji? In amsa ta fari ta yi duhu ya bar cinikin. In ta biyu ce ya auna ya gwada, ko ya nemi wani. In ta uku ce ya kame bakinsa har sai ya tabbata.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya mai da kowa gonarsa lafiya, amin.